Gandu, Dami da Cin Rani: Tarken Nazarin Zaman Manoma Daga Mahangar Dandin Mahe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi littattafan da aka wallafa a kan zaman manoman ƙasar Hausa, tun daga shekarun 1950 har zuwa yau, zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Da Turanci ko Faransanci aka rubuta kusan dukkansu, amma ginshiƙan da suka tallafe su kalmomin Hausa ne tsantsa: gandu da gayauna, tudu da fadama, ƙwadago da jinga da gayya, aro da jingina, da kuma cin rani. Marubutan sun yi ƙoƙarin juya waɗannan kalmomi zuwa harsunansu, da suka ga abin ya faskara sai suka bar su yadda suka same su. Ashe ke nan fannin da ake kira ilmin zamantakewar noma da abinci, a wannan ƙasa dai, a kan harshe ya kafu tun daga tushensa. Abin mamaki kuwa, masana harshen su ne suka fi kowa yin nesa da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken wasu fitattu daga cikin waɗannan ayyuka, musamman binciken da ma'aikatan Samaru suka gudanar a ƙauyuka uku na ƙasar Sakkwato, da littafin Polly Hill mai suna Rural Hausa na 1972, da kuma na Michael Watts mai suna Silent Violence na 1983. Ma'aunin da za a ɗora su a kai guda ɗaya ne, watau in aka ɗauki abin da suka faɗa aka kai shi wani gari na yammacin ƙasar Hausa, zai tsaya da ƙafarsa ko kuwa sai ya nemi sanda? Garin da aka tsayar don wannan gwaji shi ne Dandin Mahe, a Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Bodinga.

Ba haka kawai aka zaɓi wannan yanki ba. Takatuku, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan uku na binciken Samaru, a ƙasar Bodinga take. Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajejen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ita ma nan take, kuma a Bodinga ƙanensa Malam Abdullahi ya yi zama a wancan lokaci. Daga garin Shagari Alhaji Shehu Shagari ya fito, wanda gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na ƙasa baki ɗaya a 1980. Saboda haka yanki ne da malaman jihadi da masu ƙididdiga da masu mulki duk suka bar sawu a cikinsa, kowannensu da tasa fahimtar game da gona da mai gona.

2.0 Ƙididdigar Samaru: Tukunya da Dami

A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa wani sashe na binciken tattalin arzikin karkara a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, David Norman yana jagorantarsa. Sashen ya fara aiki da ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, sa'an nan ya yi irinsa a Sakkwato da Bauci. A Sakkwato ƙauyukan su ne Takatuku da Kaura Kimba da Gidan Karma, kuma kashin farko na rahoton, wanda A. D. Goddard da J. C. Fine da Norman suka rubuta a kan ƙasa da mutanenta, ya fito a 1971. Tsarin aikin mai wahala ne ƙwarai: malaman ƙidaya suna zaune a ƙauye shekara guda cur, suna ziyartar magidanta sau biyu a mako, suna rubuta wanda ya yi aiki, da gonar da ya yi shi, da tsawon lokacin da ya ci, da abin da aka girbe.

Wajibi ne a fara da yabo, domin aikin ya cancanci yabo. Kafin Samaru, ra'ayin da ya rinjaya wajen ma'aikatan gona shi ne, manomin da ke cuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin sani ke damunsa, maganinsa kuwa a koya masa shuka abu guda a jere. Alkaluman Norman, waɗanda ya baje a wata maƙala ta 1974, sun nuna akasin haka. Cuɗa amfani ya fi ba da riba a kan kowace eka, ga shi kuma yana rage kasadar tashi a tutar babu in ruwa ya yi gardama. Har ila yau sun nuna cewa babban abin da ke ƙuntata wa manomi shi ne ƙarancin hannu a makwannin noman firi da maimai, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Manomin Takatuku ya daɗe da sanin duk wannan. Abin da Samaru ta yi shi ne ta juya saninsa zuwa alkaluma, harshen da hukuma ta fi saurara.

To, amma ƙididdiga ba ta yiwuwa sai da ma'auni, kuma a wajen ma'aunin ne aikin ya fara rauni. Masu binciken sun ɗauki iyali a matsayin mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. Ma'ana ce mai sauƙin riƙewa, ta kuma yi daidai da yadda Bahaushe kansa ke faɗa, amma tukunyar damina ba ita ce tukunyar rani ba. Da damina, maigida yakan ciyar da duk wanda ya yi masa aiki a gona, da matansu da 'ya'yansu. Bayan kaka, a gidaje da yawa, sai a rarraba: wani ɗa ya tafi cin rani, matarsa ta koma girkinta ko ta tafi ganin gida, wata tsohuwa kuma a ɗebar mata hatsinta ta riƙe da kanta. Wanda ya ƙirga tukwane a watan Yuli da wanda ya ƙirga a watan Fabrairu, gida ɗaya suka shiga, amma ba lalle su fito da adadi ɗaya ba. Wannan kumbura da tsukewar tukunya kuwa shi ne ainihin abin da masanin zamantakewa ya zo nema, sai ga shi ma'aunin da aka zaɓa ya daskarar da shi tun kafin a fara.

Na biyu shi ne dami. Manomi da dami yake lissafin abin da ya samu, da shi yake fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, da shi kuma ake auna darajarsa, har akan yi bikin dubu ga wanda ya tara dami dubu, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana a ƙasar Maradi. Amma damin gero dabam da na dawa, na wannan gari dabam da na wancan, kuma hannun da ya ɗaura shi ma yana da tasa rawar. Masu bincike sukan auna wasu dammuna a sikeli su fitar da matsakaicin nauyi, su ninka da adadin da manomi ya faɗa. Ke nan dukkan ginin ya dogara ga adadin da manomi ya ga dama ya faɗa. A nan ya kamata a tuna cewa a ƙarshen shekarun 1960 ana nan ana karɓar haraji da jangali. Baƙon da ya shigo gari ta ƙofar hakimi da dagaci, da takarda da alƙalami a hannu, yana tambayar abin da ke cikin rumbu, ko da zuciyarsa fara ce ƙal, ya yi kama da wani baƙon da aka riga aka sani. Ga kuma tsoron baki, wanda ke hana mutum bayyana yawan dukiyarsa ko 'ya'yansa ko da ga maƙwabci. Ba a nufin alkaluman Samaru ƙarya ne. Ana nufin suna buƙatar mai karanta su da sanin yadda Bahaushe ke amsa tambaya.

Akwai kuma batun karin harshe, wanda ya fi shafar masu amfani da waɗannan rahotanni a yau. A Kano, hatsi suna ne da ya game gero da dawa da maiwa. A yamma, in an ce hatsi sau da yawa gero ake nufi. Abin da Bakano ke kira gyaɗa shi ne gujiya a bakin Basakkwace, alhali gurjiyar Kano ita ce kwaruru a Sakkwato. Haka dankali ya zama kudaku, kuɓewa ta zama guro, yakuwa ta zama sure. Ɗalibin da ya tsara takardar tambayoyinsa da Turanci, ya juya ta da daidaitacciyar Hausa, ya sauka Dandin Mahe yana tambayar eka nawa aka shuka gurjiya, zai samu amsa, zai kuma rubuta ta a gurbin da ba nata ba, kuma babu kwamfutar da za ta gano kuskuren.

3.0 Gandu: Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

Polly Hill ta yi bincikenta a Batagarawa, mil shida kudu da birnin Katsina, a 1967. Ta bi gidajen noma 171 ɗaya bayan ɗaya, ta kuma roƙi wasu mutanen garin su kasa su gida huɗu gwargwadon ƙarfinsu na jure wa baƙar shekara. Abin da ya fito ya rushe tunanin da ke cewa talakawan ƙauye duk tafiyarsu ɗaya. Akwai mai cika rumbu ya jira tsadar bazara, akwai kuma wanda ke sayar da hatsinsa da araha tun da kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da damina, ya bar gonarsa cikin ciyawa yana ƙwadago a ta wani domin ya samu na tuwon dare. Talauci ya kai shi inda ko noman kansa ba ya iyawa. Bugu da ƙari, wani babban kashi na littafin sharhi ne da aka jera bisa abacada, kalma bayan kalma, yawancinsu na Hausa. Tun bayan ƙamusun Bargery na 1934, da wuya a nuna wani aiki da ya bi kalmomin noma da irin wannan natsuwa, kuma abin lura ne cewa masaniyar tattalin arziki ce ta yi shi.

A wajen Hill, gandu yarjejeniya ce ta son rai tsakanin uba da 'ya'yansa masu aure: su yi masa aiki a gonarsa, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin aurensu, ya yanka musu gayauna su noma a lokacinsu. Ta same shi da ƙarfinsa a Batagarawa, musamman a gidajen masu hali. Shekara guda bayan fitowar littafinta, a 1973, Goddard ya buga wata maƙala a mujallar Africa bisa abin da ya gani a ƙauyukan Sakkwato, yana mai cewa gandu yana sukurkucewa, gidaje suna tsagewa zuwa ƙananan iyalai. Bayanin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne cunkoso: ƙasar da ke kewaye da Sakkwato cike take da mutane, gonaki ƙanana ne, damina gajera ce, ɗan da ya je cin rani ya dawo da kuɗinsa yana iya biyan harajinsa ya yi aurensa, to me zai riƙe shi a gandun uba? Bayani ne mai kama hankali. Sai dai Hill da kanta ta kawo abin da ya raunana shi a littafinta na 1977 a kan Ɗorayi, kusa da Kano, inda ƙasa ta fi ta Sakkwato ƙaranci, amma ta tarar da manya-manyan gidaje masu ɗauke da magidanta da yawa a inuwa ɗaya. In da cunkoso kaɗai ke tsaga gida, da Ɗorayi ta riga Takatuku tsagewa.

A nan ne manazarcin harshe zai tambaya: anya abu ɗaya masanan biyu suke ƙirgawa? Gandu yana iya zama yarjejeniyar aiki, yadda Hill ta ɗauka. Yana iya zama gonar kanta, babbar gonar gida, kishiyar gayauna. Mutum na iya cewa yana da gandu alhali shi kaɗai ke nomansa. Sa'an nan ga ma'ana ta uku, wadda ta fi nauyi a ƙasar Sakkwato, watau gandun sarki ko na wani basarake ko attajiri, wanda a ƙarni na 19 bayi ke nomawa. Paul Lovejoy ya yi bayanin irin waɗannan gandaye a tattalin arzikin Daular Usmaniyya a wata maƙala ta 1978. Mazaunin bayin shi ne rinji, ko runji a karin yamma, kuma sunan Runjin Sambo a birnin Sakkwato yana nan yana ba da shaida. Ƙasar da ke kewaye da Sakkwato bayan jihadi ta cika, da ribaɗoɗi da runjoji da zaman Fulanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kwaɗaitar da su zama wuri ɗaya. Batagarawa tana da nata tarihin, amma ba wannan ba ne. A garin da kalmar gandu ke ɗauke da ƙanshin bauta a kunnen wasu zuriyoyi, amsar tambayar ko mutum yana cikin gandu ba za ta zama kamar ta garin da kalmar ke nufin biyayya ga uba kawai ba.

Wannan magana ce mai kaifi, ba a kuma sa ta a takardar tambayoyi. Inda take ɓuya shi ne sunayen garuruwa da unguwanni, da sarautu, da wasannin barkwanci tsakanin zuriyoyi, da sanin gidan da ke ba wane gida aure. Jerin sunaye masu farawa da Gidan, da Tungar, da Runjin, da Ruggar, taswira ce ta yadda aka zauna ƙasa, kuma sunan Dandin Mahe kansa, da na ƙauyukan da ke kewaye da shi, shi ne babi na farko da ya kamata mai bincike ya buɗe a gaban dattawan garin.

Wani giɓin da ya game Hill da Samaru shi ne rashin waiwayar rubuce-rubucen malaman ƙasar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi sukutum a kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Rabon gado bisa mazhabar Malikiyya shi ke yanka gona gida-gida duk bayan rasuwar maigida, kuma malaman fiƙihu suna da doguwar magana a kan cin amfanin abin da aka jinginar saboda rance, alhali jinginar gona al'ada ce da ta game ƙauyuka. Yadda manomi da limaminsa da alƙali ke sasanta al'ada da hukunci fage ne na bincike mai faɗi, musamman a ƙasar da marubucin littafin ya taɓa zama. A kan wannan kuma sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Ken Swindell da A. B. Mamman sun nuna, a wata maƙala ta 1990, yadda tsakanin 1976 da 1986 gonakin gefen birnin Sakkwato suka riƙa sulalewa daga hannun ƙananan manoma zuwa hannun hukuma da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa. Ko wannan igiyar ruwa ta kai ina a kan hanyar Bodinga da Shagari, tambaya ce da ta isa kundin digiri na uku.

4.0 Cin Rani da Sunayen Yunwa

Tun a ranin 1952 zuwa 1953 aka tsayar da masu ƙidaya a kan hanyoyi da mashigai domin ƙirga mutanen da ke fita daga Lardin Sakkwato, aka samu fiye da 200,000, kuma R. Mansell Prothero ya yi nazarin sakamakon. Wasu sun nufi Kurmi, gonakin koko, wasu har Gwalkwas, watau Gana ta yau. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, Hausa ta riga mai ƙidaya rarrabe tafiye-tafiyen. Akwai masu cin rani, akwai kuma 'yan tuma da gora, samarin da ba su da jari sai ƙarfinsu da goran ruwansu. Aikatau ɗin ci a nan yana da baki biyu: mutum ya cinye ranin, watau ya ƙarar da shi, ya kuma ci abinci a wani wuri domin rumbun gida ya huta. Tun kafin masana su gano cewa ribar tafiyar ba kuɗin da aka dawo da shi kaɗai ba ne, har da hatsin da ba a ci ba, kalmar ta riga ta faɗa.

Watts ya yi nasa binciken a Kaita ta ƙasar Katsina bayan farin 1972 zuwa 1974, ya haɗa da takardun Turawan mulki. Hujjarsa ita ce, fari daga Allah ne amma yunwa tana da hannun mutum a ciki. A ganinsa, a zamanin daula akwai wani shinge da ke kare talaka, na zakka da rumbunan sarakuna da gandu da taimakon dangi, sai Turawa suka zo da harajin kuɗi tsaba wanda ba ya la'akari da kyau ko munin damina, da noman gyaɗa da auduga don kasuwar waje, shingen ya rushe. Kashin littafin da ya shafi zamanin Turawa yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba a ga wanda ya ture shi ba. Rauninsa yana wajen hoton da ya zana na zamanin daula, wanda ya fi kama da yadda ya kamata a yi bisa yadda aka yi. Daga mahangar Dandin Mahe wannan rauni ya fi fitowa fili, domin yammacin Sakkwato bakin daga ne: tun daga tawayen Kabawa ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849 har ƙarshen ƙarnin ba a daina kai hare-hare tsakanin Argungu da ƙasashen Sakkwato da Gwandu ba. Manomin da ke noma yana waiwaye, da bawan da ke noma gandun wani, kariyar da shingen ya ba su ba ɗaya ba ce da ta ɗan gari a tsakiyar Katsina.

Amma akwai wata kyauta da Watts ya bar wa masu nazarin Hausa, ba su kuwa karɓa ba. Ya kula da cewa kowace yunwa tana da suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, kuma sunayen sukan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa. Suna irin wannan tarihi ne a dunƙule, yana nuna abin da aka ci, ko inda aka nufa neman abinci, ko wanda aka ɗora wa laifi. Tattara sunayen da mutanen Shagari da Yabo da Bodinga suka raɗa wa nasu shekarun wahala, da ganyayen da aka koma ci, da abin da makaɗan noma suka ce a kai, aiki ne na gaggawa. Wanda yake ɗan shekara 20 a farin 1973 yanzu ya haura 70.

5.0 Abin da ke Bayan Zaure

Malaman ƙidaya maza ne, iyakarsu zaure. Noma a gona yake, amma abinci a cikin gida yake, saboda haka rabin fannin ya kasance a bayan katangar da ba su iya ƙetarewa. Hill ta hango wannan tun a wata maƙala ta 1969 inda ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyen ciniki, Emmy Simmons kuma ta bi sana'o'in abinci na mata a ƙauyukan Zazzau a shekarun 1970. Sai dai a tambaya, ɓoyayye ga wa? Duk yaron gari ya san gidan da ake fura mai kyau, da inda ake ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, domin shi ake aika. Matar da ke sayen gero a hannun mijinta, ta daka, ta cura dawo, 'yarta ta kai talla, ta tara ribar a adashi ta sayi akuya da kayan ɗakin 'yar, wani lokaci har ta ranta wa mijin kuɗin taki, tana tafiyar da tattalin arziki cikakke wanda lissafin tukunya ɗaya ya haɗiye shi. Furar kanta kuwa, ko hura a bakin mutanen yankin, ba ta cika sai da nonon Bafillata, don haka ƙwarya ɗaya ta haɗa manomi da makiyayi, kamar yadda kashin shanu da karan gona suka haɗa su bayan girbi. A zamanin da dangantakar ɓangarorin biyu ta yi tsami a sassa da yawa na arewa maso yamma, sanin inda wannan cuɗanya ta tsinke da inda ta ɗore ya wuce batun al'ada kawai. Ɗaliba mace mai jin karin Sakkwato tana da mabuɗin ƙofar da Norman da Goddard da Watts ba su taɓa shiga ba.

6.0 Fagen da ya Rage

Duniyar da waɗannan littattafai suka bayyana ta sauya. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta jawo rikicin da 'yan sanda suka kashe manoma a cikinsa a watan Afrilu na 1980, W. M. Adams kuma ya nuna yadda ta rage ambaliyar da noman fadama ya dogara da ita a gangaren kogin. Daga farkon shekarun 1990 shirin fadama na Bankin Duniya ya yaɗa rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, jigo ya ja da baya. Wannan ya ɗaure noman rani da farashin mai, ta yadda cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya isa har kwamin albasa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Injin niƙa ya rage aikin turmi, Maggi ya shiga tukunyar da daddawa ke sarauta a cikinta, ɗan cin rani kuma yana aiko kuɗi ta waya ba sai ya dawo ba. Kowane ɗayan waɗannan ya taɓa gandu, ya kuma shigo da sababbin kalmomi.

Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar aikin gona da sassan nazarin zamantakewa da labarin ƙasa da harsunan Nijeriya, ga kuma asusun TETFund mai tallafa wa bincike a manyan makarantu. Cikas ɗin yana wajen yadda aka raba fagen a jami'o'in ƙasar nan gaba ɗaya. Kundayen sassan aikin gona sun fi karkata ga auna yawan manoman da suka karɓi sabon iri ko taki, da takardar tambayoyi ta yini biyu, wadda ko kusa ba ta kai haƙurin Samaru ba. Kundayen sassan Hausa kuwa sukan jera al'adun noma da kayan aiki da camfe-camfe, a kawo ma'anar kowanne, a rufe, ba tare da an tambayi wa ke da gonar, wa ke bin wa bashi, wa ya kwana da yunwa ba. Na farko yana da tambaya ba shi da kunne, na biyu yana da kunne bai yi tambaya ba. Dubawar haɗin gwiwa, malami ɗaya daga kowane sashe a kan ɗalibi ɗaya, ba ta buƙatar sabon gini ko sabuwar doka.

Aikin da ya fi kusa da hannu shi ne komawa Takatuku. Rahotannin Samaru sun ajiye hoton garin na fiye da shekara 50 da suka wuce, abin da ƙauyuka kaɗan ne a Afirka ta Yamma suka samu. In aka sake bin gidajen, aka kuma ɗauki Dandin Mahe a matsayin abokin gwami, aka zauna damina da rani, aka naɗi maganar mutane da bakinsu kafin a mayar da ita alkaluma, za a iya raba gardamar Hill da Goddard da hujja. Ga kuma rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomin Lardin Sakkwato a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da takardun da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wasunsu da Turanci suke, wasu da Larabci, wasu da ajami, kuma a cikin ɗaliban jami'a, wanda ya fi yiwuwa ya karanta ukun duka shi ne ɗalibin Hausa da ya yi makarantar allo kafin ya shiga boko.